Filin Tambayoyin Masu Karatu: Sauti, Kunne da Ƙarar da Ta Kewaye Mu

Wasiƙu da dama da suka iso wannan fili a wannan karo sun taru a kan batun sauti da ji, don haka muka zaɓi biyar daga cikinsu muka haɗa su wuri ɗaya. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a makarantar sakandare a Gusau. Da damina nakan ga walƙiya, sai an jima kafin in ji tsawa, alhali malaminmu ya ce tare suke faruwa. Ya kuma ce a can sararin samaniya ko ganga aka buga ba za a ji ba. Mene ne sauti, kuma me ya sa yake makara?

Amsa: Malaminku ya yi gaskiya a duka biyun. Sauti girgiza ce da ke bi ta cikin wani abu, ko iska, ko ruwa, ko ƙarfe, ko ƙashi. Idan makaɗi ya doki fatar kalangu, fatar tana kai da komowa da sauri ƙwarai, duk lokacin da ta turo waje sai ta matse iskar da ke gabanta, idan ta koma ciki kuma sai iskar ta saki, wannan matsewa da sakin ne ke miƙawa daga wani sashe na iska zuwa na kusa da shi har su iso kunnenka. Iskar da ke wurin makaɗin tana nan inda take, motsin ne kawai ya yi tafiya. Yawan kai da komowar nan a cikin daƙiƙa ɗaya shi ke sa sauti ya zama siriri ko mai kauri, kuma ana auna shi da ma'aunin hatz, wanda aka raɗa wa sunan masanin ƙasar Jamus, Heinrich Hertz. Shi ya sa idan makaɗin ya matse igiyoyin kalangun a hammatarsa fatar ta ɗame, sai girgizar ta ƙara sauri muryar kalangun ta hau sama, idan ya sassauta kuma ta sauko. Kunnen matashi mai lafiya yana jin abin da ya kama daga hatz 20 zuwa hatz 20,000. Kare da kyanwa suna jin abin da ya zarce haka nesa, jemage kuwa da irin wannan siririn sauti yake gane hanya cikin duhu, ta wajen sauraron amsa-kuwwar kukansa.

Tunda sauti motsi ne na wani abu, inda babu abin da zai motsa babu shi. Masanin nan Robert Boyle ya bayyana gwajin da ya yi a Ingila a shekarar 1660, inda ya rataye agogo a cikin tulun gilashi ya riƙa zuƙe iskar da famfo, ƙarar agogon ta yi ta raguwa har ta ɓace, da ya mayar da iska sai ta dawo. Halin da sararin samaniya yake ciki ke nan.

Makara kuwa magana ce ta gudu. Haske yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, sauti kuwa a cikin iska mai sanyin digiri 20 mita 343 kawai yake ci, a zafin bazara irin na digiri 40 ya ɗan ƙaru zuwa kamar mita 355. A cikin ruwa yana kusan mita 1,500, a cikin ƙarfe kuma ya haura 5,000. Saboda haka walƙiya tana iso idonka nan take, tsawa kuma tana buƙatar kusan daƙiƙa uku a kowace kilomita. Idan ka ƙirga daƙiƙa tara tsakaninsu, abin ya faru a nisan kilomita uku. Idan abin da ka ƙirga bai kai talatin ba, ka bar gona ko filin ƙwallo ka shiga gini, kada ka fake a gindin bishiya.

Tambaya: Daga wani ƙauye kusa da Damagaram nake rubutowa. Da asuba a lokacin sanyi muna jin kiran salla daga garin da ke da nisa da mu, amma da azahar ba ma jin komai daga can, ga shi lasifikar ɗaya ce. Me ke kawo haka?

Amsa: Malam, dalilai biyu ne suka haɗu. Na farko shi ne wanda kowa zai yi zato, da asuba gari ya yi tsit, babu babur, babu injin niƙa, babu hayaniyar da za ta danne muryar ladan. Na biyun ya fi ban sha'awa. Da dare ƙasa tana sakin zafin da ta ɗauka da rana, iskar da ke kusa da ita ta yi sanyi, ta sama da ita kuma ta fi ta ɗumi. Da yake sauti ya fi gudu a iska mai ɗumi, sashen da ya hau sama yana riga na ƙasa, sai tafiyar ta lanƙwaso ta dawo ƙasa a wuri mai nisa, wato inda kuke. Da tsakar rana lamarin juyawa yake yi, ƙasa ta yi zafi sama ta fi sanyi, sautin ya lanƙwashe ya haye sama ya wuce ta kan garinku.

Akwai kuma abin da wataƙila ka lura da shi idan ana biki a nesa, wato ganga ake ji, muryar mawaƙa ba ta isowa. Iska tana cinye siririn sauti da wuri, mai kauri kuwa yana jure tafiya. Ƙarar da aka fi ambata wajen nisan zango ita ce ta fashewar dutsen Krakatau a Indonesiya ranar 27 ga Agusta, 1883, wadda aka ji a tsibirin Rodrigues, kusan kilomita 4,800 daga wurin, bayan kimanin sa'o'i huɗu, har mutanen can suka ɗauka igwa ake harbawa a teku.

Tambaya: Sana'ata niƙa da markaɗe ce a Funtuwa, na kuma daɗe a cikinta. Da farko idan na tashi daga aiki kunnena yakan yi ƙara, kafin safe ya daina. Yanzu ƙarar ba ta tsayawa, kuma iyalina suna cewa ba na ji. Ni kuwa ina jin magana, gane ta ne ke ba ni wuya, musamman cikin taro. Ina sa auduga a kunne. Akwai maganin da zan ɗiga?

Amsa: Malam, Allah ya sawwaƙe. Abin da ka bayyana ya yi daidai da raunin ji irin wanda ƙara ke haddasawa, kuma don ka gane dalilin da ya sa ɗige-ɗige ba zai yi amfani ba, sai mun bi sauti zuwa inda yake ƙarewa.

Sauti yana shiga ta ramin kunne, wanda tsawonsa bai wuce santimita biyu da rabi ba, ya doki dodon kunne, wata siririyar fata da ke girgiza daidai da girgizar iskar. A bayanta akwai ƙananan ƙasusuwa uku da aka raɗa wa suna saboda kamanninsu, guduma da uwar maƙera da likkafa. Likkafar ita ce ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, kusan milimita uku. Aikinsu shi ne su tattara girgizar su ƙara mata ƙarfi su tura ta cikin kunnen ciki, wata gaɓa mai siffar katantanwa da ke cike da ruwa, binne a cikin ƙashin kai. A cikin wannan katantanwa akwai ƙwayoyin halitta kusan 16,000 a kowane kunne, kowace da 'yan gasu a kanta. Idan ruwan ya motsa gasun suna lanƙwasawa, ƙwayar ta mayar da motsin saƙon lantarki, jijiya ta kai shi ƙwaƙwalwa, a can ne kuma ji yake tabbata. Masanin nan ɗan asalin ƙasar Hangari, Georg von Békésy, ya samu kyautar Nobel a 1961 saboda ya nuna cewa kowane irin sauti yana da wurinsa a cikin katantanwar, siriri a bakinta, mai kauri can ƙurya.

Waɗannan ƙwayoyi masu gashi su ne jarin mai ji, kuma da adadinsu aka haife ka. Kamar ciyawa ce a bakin hanya, idan an taka ta sau ɗaya takan miƙe kafin gobe, idan aka mayar da wurin hanya kuwa sai ta mutu. Ƙarar da kake ji da dare a shekarun baya ta daina da safe, lokacin miƙewar ke nan. Tsuntsaye suna iya sake tsiro da waɗannan ƙwayoyi idan sun lalace, ɗan Adam ba ya iyawa, kuma babu ruwan magani ko mai da zai ratsa dodon kunne da ƙashi ya farfaɗo da su. Duk wanda ya sayar maka da kwalba a kan wannan alkawari kuɗinka kawai ya ci.

Zancenka na cewa kana ji amma ba ka ganewa shi ma yana da bayani. Ƙara takan fara cin ɓangaren da ke karɓar siririn sauti, wajen hatz 4,000. Wasulan magana suna da kauri da ƙarfi, don haka suna isowa lafiya, amma baƙaƙe irin su s da f da sh da ts sirara ne marasa ƙarfi, su ne kuma ke bambanta kalma da kalma. Idan suka ɓace sai ka ji murya sarai amma maganar ta cakuɗe, muryar mata da ta yara ta fi wuyar kamawa, cikin taro kuma abin ya ƙara dagulewa. Mutane da yawa a irin wannan hali sukan fara janye jiki daga majalisa don gudun yawan cewa "na'am?", iyali su ɗauka miskilanci ne ko girman kai. A ganina wannan kaɗaici ya fi raunin jin kansa ciwo, kuma kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya sa raunin ji a cikin manyan abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon mantuwa a tsufa waɗanda ake iya magancewa.

Ana auna ƙarfin ƙara da desibel. Raɗa tana wajen 30, hira ta yau da kullum wajen 60. Ma'aunin ba ya hawa kamar mudu, ƙarin desibel 3 kawai yana nufin ƙarfin ya ninka sau biyu. Shi ya sa ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata ke bi ta ce desibel 85 sa'o'i takwas ne iyakarsa a rana, 88 sa'o'i huɗu, 91 sa'o'i biyu, 100 kuwa minti goma sha biyar. Injin niƙa a cikin ɗaki mai rufin kwano yakan kai 90 har ya wuce. Ba sai da na'ura za ka auna ba, duk inda sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye dab da kai ya ji ka, ƙarar wurin ta kai ta yi lahani.

Abin da ya rage na jinka yana da yawa, shi za ka tsare. Auduga ba ta tare abin kirki. Ka nemi toshiyar kunne ta soso wadda ake murzawa a tura ta kumbura a ciki, ko marufin kunne irin na ma'aikatan filin jirgi, ana samun su inda ake sayar da hular kwano da takalman aiki. Ka gyara salansar injin, ka ɗaure kusoshin da suka saki, ka shimfiɗa tsohuwar taya a ƙarƙashinsa. Idan da hali a fitar da injin daga ɗakin a bar bel ya shigo ta bango, domin a fili duk ninka nisa sau biyu yana rage kusan desibel 6. Yaran da ake aikowa da markaɗe su jira a waje, yaron shagonka kuma ya sa abin toshewa tun yau, kada ya sa abin sauraron waya a kunne don ya danne ƙarar injin, wannan ƙara ce a kan ƙara. Sannan ka je a yi maka gwajin ji, a sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa irin na Zariya da Kano, ko a Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Za su fara duba ko dattin kunne ne ya toshe, wanda cire shi abu ne mai sauƙi a hannun ma'aikacin lafiya, ba da tsinken ashana ko gashin kaza ba. Idan ƙara ce ta yi ɓarnar, na'urar taimakon ji da aka daidaita da sakamakon gwajinka za ta ɗago siraran sautukan da ka rasa, sau da yawa kuma takan rage damuwar ƙarar da kake ji. Ga sauran masu karatu, wanda ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, ya je asibiti a ranar, domin maganin wannan a kwanakin farko yake ci.

Tambaya: Ni uwa ce daga Haɗeja. Ɗana ya yi zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya yana shekara ɗaya da 'yan watanni, aka kwantar da shi asibiti ya warke. Kafin nan yana waiwayowa idan an kira shi, yana cewa "baba". Yanzu ya haura shekara biyu, ba ya magana, ba ya waiwayowa. Surukata ta ce mahaifinsa ma bai yi magana da wuri ba. In jira ne?

Amsa: Hajiya, kada ki jira, kuma ki nemi maigidanki ya fahimtar da Inna cikin ladabi. Yaron da ya makara wajen magana daban yake da yaron da ya fara ya daina, musamman bayan ciwo irin wanda kika kwatanta, mai kama da sanƙarau. Sanƙarau yana cikin manyan abubuwan da ke kurumtar da yara a yankinmu, domin arewacin Najeriya da Nijar suna tsakiyar zirin da cutar ke yawan ɓarkewa, daga Senegal zuwa Habasha. Ƙwayar cutar tana iya shiga kunnen ciki, bayan haka kuma katantanwar tana iya fara cikewa da ƙashi a cikin makonni ko watanni, abin da ke sa dashen na'urar ji ta cikin kunne ya yi wuya idan an makara.

Kada ki dogara da tafi a bayansa ko buga kwano. Yaron da ba ya ji yana da kaifin lura, yakan ga inuwa ko ya ji iskar tafin a wuyansa ya waiwayo, iyaye su kwantar da hankali a banza. Asibiti suna da gwajin da ba ya buƙatar yaro ya ce komai, ana iya yin sa ma yana barci. Wani gwajin yana sauraron ɗan sautin da lafiyayyen kunne ke mayarwa, wanda masanin Birtaniya David Kemp ya gano a 1978, wani kuma yana duba yadda jijiya ke kai saƙo ƙwaƙwalwa.

Gaggawar tana da dalili na biyu. Ƙwaƙwalwa ta fi karɓar harshe a shekaru uku na farko, kuma harshe take nema, ko ta kunne ko ta ido. Idan gwaji ya nuna akwai sauran ji, na'ura da horon magana za su taimaka. Ko yaya sakamakon ya kasance, ku fara maganar hannu da shi tun yanzu, ku duka gidan. Kurame a ƙasar Hausa suna da maganar hannunsu tun da daɗewa, cikakken harshe ne da ake ciniki da hira da gardama da shi, akwai kuma makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano. Kurumta ba ta taɓa hankali, rashin harshe ne ke tauye yaro.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara ana iya hana shi. Rigakafin ƙyanda da na sanƙarau suna cikin hanyoyin, haka ma gaggauta kai jariri mai shawara asibiti, da kula da kunnen da ke zubar da mugunya, da guje wa allurai irin su jentamaisin ba da umarnin likita ba. Zazzaɓin Lassa shi ma yakan bar wajen ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke da raunin ji.

Tambaya: Ni tsohon malamin makaranta ne a Zariya. Janareton maƙwabci da lasifikar gidan biki sun hana ni barci. 'Ya'yana suna cewa zan saba. Ana sabawa kuwa, ko ƙarar da ba ta kai ta kurumtar ba ita ma tana da illa?

Amsa: Ranka ya daɗe, zuciya tana iya sabawa har ta daina ƙorafi, amma jiki bai cika sabawa ba. Kunne yana aiki ko mutum yana barci, ƙwaƙwalwa kuma tana ɗaukar ƙara a matsayin gargaɗi, sai bugun zuciya ya ƙaru, barci mai nauyi ya koma sama-sama, ko da mai barcin bai tuna ya farka ba. Bincike mai yawa a Turai ya danganta daɗewa cikin ƙarar motoci da ciwon zuciya, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar kada ƙarar cikin ɗakin barci ta wuce desibel 30 da dare.

A matsayinka na malami, labarin birnin Munich na Jamus zai ja hankalinka. A 1992 aka rufe tsohon filin jirgin birnin aka buɗe sabo a wani wuri, masana kuma suka gwada yara a wuraren biyu kafin sauyin da bayansa. Yaran da ke kusa da tsohon filin, karatunsu da ƙarfin tunawarsu sun inganta bayan an rufe shi, na kusa da sabon kuwa suka ja baya. Wannan ya isa ya sa a sake tunani kan ajin da ke jikin titi ko kusa da tashar mota.

Dabbobi ma abin bai bar su ba. A birnin Leiden na ƙasar Holan an gano a 2003 cewa wasu ƙananan tsuntsaye da ke unguwanni masu hayaniya suna siranta kukansu don ya tsallake rugugin motoci. A teku kuwa, inda manyan dabbobi irin su wel suka dogara da ji fiye da gani, an lura cewa da zirga-zirgar jiragen ruwa ta ragu a mashigin Fundy na Kanada bayan harin da aka kai Amurka ranar 11 ga Satumba, 2001, sinadarin damuwa a jikinsu shi ma ya sauka.

Ta fuskar doka, hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, tana da ƙa'idojin taƙaita ƙara tun 2009, sai dai aiwatar da su ne ke da rauni, don haka na fi ba ka shawarar a fara da maƙwabcin cikin mutunci, idan ta ƙi a je wurin mai unguwa, musamman kan lokacin da gidan bikin zai kashe lasifika. Sau da yawa gyaran salansa, da matsar da janareto nesa da tagarka, da ɗan bangon bulo tsakaninsa da ɗakinka sun isa su sauke ƙarar. Sharaɗi ɗaya ne dole a kiyaye, kada neman rage ƙara ya sa a shigar da janareton cikin ɗaki ko soro ko wani wuri rufaffe, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar launi marar wari da ke kashe mutane suna barci.